Yadda Gazali Ya Gyara Motar Baba Har Ya Ɓata Ta

Wata daga cikinku ta rubuto mini cewa in daina ja wa Gazali rai, tun da yaro ne mai hankali. Na gode, 'yar'uwa. Hankalin nasa ne ya kusa raba mu, kuma yau zan gaya muku yadda aka yi, har da nawa laifin, wanda ba ƙarami ba ne.

Ga waɗanda suka shigo yau: sunana Bara'atu, shekarata ashirin da tara, ina koyar da fiziks a wata makarantar 'yan mata nan cikin Sakkwato. Gidanmu yana Ƙofar Atiku. Ni ce auta, ni kaɗai na rage a gida, kuma Gwaggo Hajjo, yayar Baba, tana tuna mini da haka a kai a kai kamar mai ba ni magani. Gazali kuwa injiniya ne a takarda, bakanike a aikace. Yana da gareji a hanyar Wamakko inda yake tayar da tsofaffin motocin daji waɗanda suka girme shi. Ya ɗaga su, ya sauya musu sifirin da shokozoba, ya gyara sitiyari, masu gonaki su zo su ɗauka suna washe baki. Sau biyu yana aikowa a nema masa izinin turo magabatansa. Sau biyu Baba yana cewa, "A dakata tukuna."

Ba a kama shi da rashin asali ba, ba a kama shi da wasa da salla ba. Laifinsa ɗaya ne. Ranar da ya fara zuwa gaida Baba, ya sha farar shadda da hula zanna, ya tsuguna a zaure yana gaisuwa, amma idonsa na can ƙarƙashin Rigakafi.

Rigakafi mota ce. Tsohuwar motar daji mai buɗaɗɗen baya da shingen ƙarfe, wadda a da koriya ce, yanzu kuma launinta sai dai a ce Allah ya sani. Ta yi aikin allurar shanu tun kafin a haife ni, shi ya sa har yau kalmar tana nan a jikin ƙofa, rabi ta goge. Baba, Malam Ashafa, malamin dabbobi ne a da. Da ya ajiye aiki ya sayi motar a gwanjo, ya shiga fataucin shanu. Yakan je kasuwannin ƙauye ya ɗauko sa ɗaya, ya kawo kwata ya sayar wa mahauta.

A nan sunansa ya fito. Baba yana sauka daga mota, zai zagaya bayanta, ya tsuguna gefen taya da sandarsa kamar mai duba iska, ya miƙe, ya shafa bijimin, ya ce, "Wanga sa, nama kilo kaza." A yanka, a feɗe, a ɗora a ma'auni, maganarsa ta fito daidai. Shekara talatin. Mahautan da suka gaji sana'ar tun kakanni ba sa jayayya da shi. Sukan ce Malam Ashafa Allah ya ba shi ido.

Amma motar tana cin jikinsa. Sitiyarinta sai ka juya kusan kwata kafin tayoyi su samu labari, in sun samu kuma sai ka haɗa da kafaɗa da salati. Kowane rami na hanyar Achida yana da adireshi a bayan Baba. Duk ranar kasuwa Inna ce da man zafi. Yana yarda a taɓa inji, yana yarda a sauya taya. Ƙarƙashinta kuwa, ko kallo ba ya so.

Sai babban wanmu, Yaya Rabi'u, ya kai Baba da Inna Umra, mako biyu. Aka bar ni da gida, da Gwaggo Hajjo a matsayin mai gadi, da makullin Rigakafi a cikin langar da ke saman kabad ɗin Inna. Jirginsu bai kai Jidda ba saƙon Gazali ya shigo.

"Malama, kwana goma sha huɗu motar nan za ta yi a tsaye?"

"Injiniya, kar ka fara."

"Sitiyarin kawai. Wallahi duk ran da na ga Baba yana kwana da ita, tawa kafaɗar ke ciwo."

"Ya ce kar a taɓa."

"Don bai samu mai iya taɓawa ba ne."

Na ajiye wayar. Na ɗauka. Na ga Baba a raina, ya dawo daga Achida yana sauka da ƙafa ɗaya kamar saurayi, yana tambaya wane ɗan albarka ne ya yi wannan aikin. Na ga har kalar ankon. Ku da kuke karantawa kun san irin wannan tunanin, kar wata ta yi mini fuska.

Da safe ya zo cikin shuɗiyar rigar aikinsa mai tabon giris a gwiwa. Na sa mayafina mai ruwan toka, na miƙa masa makullin a zaure. Gwaggo na daga ciki tana cewa, "A dai yi abin da za shi kawo ƙarshen zaman ga."

Kwana uku bayan nan ya turo hoto. Wasu dogayen fallayen ƙarfe jere kan juna, duk tsatsa.

"Kin ga sifirin ɗin baya? Ya kamata su yi lanƙwasa kamar baka. Waɗannan sun kwanta kamar tabarma. A kansu Baba ke zaune shekara talatin."

Ina tsakiyar duba takardun jarrabawa. Na rubuta masa kalma shida: "Ka yi abin da ya dace." Ban taɓa rubuta abin da ya fi wannan tsada ba.

Gazali kuwa in ka ce masa ya yi abin da ya dace, ba ya barin komai. Ya sa sababbin sifirin masu kauri gaba da baya, motar ta ƙara tsawo yatsa huɗu. Ya sa shokozoba huɗu masu gas. Ya sauya duk robobin da suka mutu. Ya cire tsohon akwatin sitiyari ya sa mai famfo, ya sauya sandunan da ke haɗa shi da tayoyi, ya ƙara wani ƙaramin shokozoba a kwance don kar rami ya riƙa fizge hannun direba. Kowace safiya hoto, kowane hoto da bayani. Wasu 'yan mata ana turo musu furanni. Ni na yi kwana takwas ana turo mini ƙusoshi, kuma, Allah ya gani, ina jiran su.

Ranar da ya dawo da ita, muka fita gwaji, Gwaggo a tsakiyarmu da kwanon furarta a cinya. Ya bi da mu wata hanya mai ramuka ta bayan gari. Ya riƙe sitiyarin da yatsa biyu. Gwaggo ta duba kwanonta, ko ɗigo bai zuba ba.

"Yaro," ta ce, "in ƙanena yaƙ ƙi ka bayan wanga aiki, ni za ni kai ƙara tai wurin liman."

Ranar Lahadi da hantsi su Baba suka sauka. Tun yana cikin tasi na ga idonsa ya kafe a kan motar. Ya fito da farar jallabiyarsa da carbi a hannu, bai shiga gida ba. Ya zagaya Rigakafi sau ɗaya. Ya tsaya a bayanta.

"Wa yaƙ ƙara mata tsawo?"

Na durƙusa, na yi bayani da muryar da nake amfani da ita in mai duba makarantu ya zo. Na ambaci bayansa, na ambaci kafaɗarsa, na ambaci sunan Gazali sau uku. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Inna lillahi," idonta a kan tayar baya. Ni a wautata na ɗauka daɗi ne ya yi mata yawa.

Baba ya juya. Ya shiga ya zauna, ya yi kwana biyu yana raba dabino da zamzam ga masu sannu da zuwa. In na kai masa abinci ya ce, "Madalla." Shi ke nan.

Laraba da sassafe ya fito zai tafi Achida. Ya ɗaga ƙafa inda ya saba, matakin ba ya nan, ya hau sama. Sai da ya tattare babbar rigarsa ya kama ƙofa. Ya tayar, ya zo kwanar layinmu, ya narka wa sitiyarin irin juyin da ya saba yi mata tun ina goye. Motar da a da sai ta yi shawara, yau ta amsa nan take. Saura kaɗan ya kwashe dakalin maƙwabcinmu da mutum biyu a kai. Ya taka birki, ya ɗaga musu hannu kamar da gangan ya zo gaisuwa, ya wuce.

Bayan la'asar ya dawo. Da bijimi a bayan mota.

Baba bai taɓa kawo sa gida ba. Ya shigo da motar garkar baya, ya sauke jan bijimin ya ɗaure a gindin darbejiya, ya wuce ɗakinsa. Ba a jima ba wayar Inna ta yi ƙara. Matar Alhaji Mode ce, babban mahaucin da ke sayen shanun Baba. Wai Alhaji ya ce a tambaya ko Malam lafiya. Baba ya zo kwata, ya tsuguna gefen taya kamar kullum, ya daɗe, ya miƙe. Aka ce, "Malam, nawa za shi ba da?" Ya ce, "Ban sani ba." A gaban mahauta sun fi goma. Ya hau mota ya tafi.

"Gajiyar Umra ta," in ji Inna. Ta kashe wayar, ta kama hannuna ta ja ni kicin, ta tura ƙofa. Sandar Baba na hannunta.

"Duba nan."

Na san sandar tun ina rarrafe. Tana da wasu 'yan tsage-tsage kusa da gindi, waɗanda na ɗauka ado ne.

"In ya ɗora sa, bayan motar na sauka. In san ya yi nauyi, ta sauka da yawa. Sai shi tsuguna, shi kafa sandar ga bisa ƙarfen taya, shi duba inda bakin bodi yat tsaya. Kowace tsaga da kika gani, sa ne da anka yanka anka auna. Shekara talatin shina tsaga su, shina gyarawa in ƙarfen ya ƙara laushi. Ubanki ɗan boko na. Da yash shiga cikin mahauta dariya sunka yi mai, sunka ce mai allura ya zo saye da littafi. Da wagga sanda yar rufe musu baki. Daga ni sai shi munka sani."

"Yanzu fa?"

"Yanzu saurayinki ya sa mata ƙarfen da ko giwa anka ɗora ba ta motsi." Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ba abin ga kike karantar da ɗiyan mutane ba?"

Shi ne. Zangon farko, aji ɗaya na babbar sakandare. In rataya sifirin a jikin allo, in ɗora nauyi, 'yan mata su auna yadda ya miƙe. Shekara biyar ina yi. Na taɓa ba wata yarinya sifili don ta kasa bayaninsa. A wannan yammacin na nemi gafararta a zuciyata.

Baba ya aiko a kira ni. Yana zaune kan buzunsa, ya cire hula. Ban taɓa lura furfurarsa ta kai haka ba. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Ki ce ma yaron ga shi maido man ƙarafuna. Kuma dakatawar da nic ce shi yi, ta ƙare. Shi nemi wata."

Na koma ɗaki, na zauna bakin gado da atamfar makaranta a jikina, na kira shi.

"Ina tsofaffin sifirin ɗin?"

"Na baya? Na ba maƙera. Har godiya suka yi, sun ce ƙarfen da ne, ba a samun irinsa. Tun wancan makon suka sare su, wuƙaƙe suke yi."

Na rufe ido.

"Malama? Me ya faru?"

Na gaya masa saƙon Baba, duka biyun. Ban gaya masa dalili ba, don Inna ta sa na rantse. Na ce, "Ka ce an sace. Ka ce kana nema. Ka samo wasu tsofaffi a kasuwar 'yan gwangwan ka ce su ne."

"Ba zan iya ba."

"Gazali, aurenmu ne."

"Na sani. In na fara ƙarya kunnuwana rawa suke, kin sha gani. Gobe zan zo."

Ya zo da hantsi, ba shadda, ba turare, rigar aiki kawai. Ni da Inna muka laɓe bayan ƙofar zaure ta ciki, ita da tsintsiya a hannu don a ce shara take. Ya tsuguna nesa da buzun Baba, ya faɗi gaskiya tsaf: shi ya roƙi makulli, shi ya cire, maƙera sun sare. Bai ambaci kalmomina shida ba. Na lura, kuma na ajiye masa wannan a inda nake ajiye irinsu.

Baba ya ce, "To. Ka gama. Sauka lahiya."

Bai tashi ba.

"Baba, in ka yarda in yi tambaya ɗaya. Da na shiga ƙarƙashinta, na ga wani wuri a kan aksil, ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya, ya yi sumul, ya ɗan lotsa, faɗinsa kamar gindin sanda. Ko'ina tsatsa, ban da nan. Na yi kwana uku ina neman ƙarfen da ke gogar wurin, babu. Jiya da na ji an ce ka koma da sa gida, sai na kasa cin abinci." Ya sunkuyar da kai. "Ma'auni na cire maka, Baba. Ban sani ba."

Tsintsiyar Inna ta tsaya. Ina jin bijimin yana tuƙa a garka.

"Bara'atu tag gaya maka?"

"A'a. Ƙarfen ne ya nuna."

"Wa kag gaya ma?"

"Ba kowa."

"Wa za ka gaya ma?"

"Ba kowa, Baba. Sai dai in wani ya tsare ni ya tambaye ni kai tsaye. Ban iya ƙarya ba."

"Allah ya haɗa ni da aiki," in ji Baba.

Sai Gazali ya fara magana da sauri, irin yadda yake yi in an zo kan ƙarfe. Sababbin sifirin ɗin falle bakwai-bakwai ne. In ya zare biyu a kowane gefe na baya, za su yi laushin da za su sauka a gani, kuma ba za su kwanta kamar na da ba. Sannan a ɗora nauyin da aka sani, a yi sabuwar sanda. Buhun siminti kilo hamsin ne. Goma sun isa.

"Shekara talatin za ka yi man cikin kwana nawa?"

"Biyu, in Allah ya yarda."

Baba ya daɗe yana jan carbi. "Nan gidan za a yi. Kai kaɗai. Ba lebura, ba abokin aiki. Wanda yac cire shi ka ɗauka." Ya ɗaga murya ba tare da ya waiwayo ba. "Ke kuma da ke bayan ƙofa, ki zo da littafi, tun da an ce ke malamar abin ta."

An sallami Gwaggo Hajjo da cewa za a yi gyaran bango, ƙura za ta tayar mata da tari.

Ku da ba ku san Sakkwato a watan Afrilu ba, ba zan iya kwatanta muku ba. Ranar Juma'a ya zare fallayen. Asabar aka kawo siminti a kura, aka sauke a ƙofar gida, Gazali ya shigo da su ɗaya-ɗaya a kafaɗa. Baba ya sa aka kai masa kujera inuwar darbejiya, da mafici, da butar shayi. Ni ina gefe kan tabarma, hijabi har ƙasa, littafi a cinya, kamar ɗalibar da aka kama da satar amsa.

Buhu ɗaya, a kafa sanda, a yi alama, in rubuta. Buhu biyu. Buhu uku. Har goma. Gazali ya share gumi ya yi murmushi.

"Sa ba ya tsayawa tsakiya awa buhu," in ji Baba. "Ga zoben da nike ɗaure kai nai can gaba. Sauke, ka jera su daga can."

Ya sauke. Ya jera.

"Ƙafafun baya fa? Nan nauyi shike. Sauke."

Ya sauke. Zuwa azahar ya yi fari fat, gira da gashin baki duk siminti, ya koma kamar kakan kansa. Na tashi zan miƙa masa ruwa, Baba ya ce, "Aje nan, shina da hannu." Amma da aka kawo tuwo, na ga ya tura kwanon tsakiya ya ce, "Wanke hannu ka matso." A gidanmu ba kowa ke cin kwano ɗaya da Baba ba. Na duƙa kan littafina ina ta gyara lambar da ba ta da kuskure.

Da la'asar alamomin suka jeru a kan sabuwar sanda, tazara daidai, kyakkyawa, irin wadda ɗalibaina ba su taɓa samowa ba. Aka hau da jan bijimin, aka ɗaure a zobe. Baba ya tsuguna, gwiwarsa ta yi ƙara, ya kafa sanda.

"Ɗari biyu da saba'in," na karanta. Sai na tsaya. "Amma Baba, wannan nauyinsa ne da ransa. Da fata da kai da kayan ciki. Tsohuwar sandar nama take faɗa."

Gazali ya dube ni, na dube shi. Digiri biyu a tsakaninmu, ba wanda ya tuna.

Baba bai kula mu ba. Ya miƙe, ya kama gindin wutsiyar bijimin ya matsa. Ya shafa haƙarƙari, ya ɗaga tozo, ya cusa hannu a ƙirji. Ya ja baya ya ƙanƙance ido.

"Ya sha kiwo, amma ƙashi gare shi. Rabi da ɗan ɗori. Ɗari da arba'in da biyu."

"Baba," in ji Gazali a hankali, "ashe idon na nan. Sandar rabin aikin kawai take yi."

Baba ya yi kamar bai ji ba, amma na ga ya gyara zaman hularsa. "Kwashe simintin ga daga garkata," ya ce.

Lahadi da safe ya tafi kwata shi kaɗai. Ya hau da ƙafa ɗaya, ya yi kwanar layinmu da hannu ɗaya, masu dakali ba su ko tashi ba. Ni kuwa na goge kayan makaranta na mako guda, na sake goge su. Gazali na turo saƙo duk minti goma. "Ya dawo?" "A'a." "Yanzu fa?" "Injiniya, ka je ka kwance wani abu."

Gab da azahar muka ji ƙarar Rigakafi. Bayanta babu sa. Baba ya shigo, ya yi alwala, ya tafi masallaci, ya dawo, ya zauna a tsakar gida, Inna ta ajiye masa shinkafa da miya. Ya ci loma ta fi goma. Ina ɗaki, kunnena a jikin labule.

"Malam, ya kasuwa?" in ji Inna.

"Ɗari da arba'in da ɗaya. Mode yac ce yaran feɗa sunka bar kilo guda jikin fata." Ya sha ruwa. "Sunka ce Umra ta ƙara man ido."

"Alhamdu lillahi."

"Bayana kuma bai yi ciwo ba. Kar ki gaya ma kowa." Sannan ya ɗaga murya yadda za ta kai labule. "Ki ce ma ɗiyarki ta ce ma maɓarnacin ga shi turo manyansa ran Asabar. Mutumin da yas san abin da yas sani, kuma bai iya ƙarya ba, ba ni barin shi shina yawo cikin gari a matsayin bare."

Ba zan gaya muku abin da na yi a ɗakin nan ba, ina da ɗalibai a cikinku. Da na gama, na rubuta masa: "Asabar."

Ya turo hamdala ta cika fuskar waya. Sai na ga yana rubutu, ya goge, yana rubutu, ya goge.

"Malama, akwai ƙaramar magana."

"Me kuma ka kwance?"

"Ba komai. Kawu Jafar ne zai jagoranci masu zuwa, shi ne babba a dangin. Ban taɓa gaya miki ba, tsohon mahauci ne, nan kwata ya yi rayuwarsa. Yanzu na faɗa masa gidan, ya tashi zaune. Ya ce shekara ashirin yana son ya san yadda Malam Ashafa ke yi. Ya ce tun da ni na yi aikin motarsa, in zo gobe da safe, yana da tambaya."

Na daɗe ina kallon saƙon. Daga tsakar gida ina jin Baba yana ce wa Inna a nemo tabarmi masu kyau kafin Asabar.

Na rubuta: "Ka sa hular sanyi. Ka ja ta har ta rufe kunnuwan."